Ambaliyar da Ta Zo Cikin Kalanda

Sufeto Abdulmannan bai iya zama ba. Ko shayi a tsaye yake sha, yana kai da kawowa kamar kujera ta taɓa cizonsa. Yana cikin wannan zirga-zirga ranar Asabar da safe aka iza ƙeyar Baba Haladu zuwa caji ofis a Haɗeja, manoman fadama na biye da shi, kowa bakinsa buɗe.

Injinan ban ruwa shida ne suka ɓace. Ga shinkafa ta yi ciki, ga ruwan sama ya ɗauke.

"Shi ya ce mu kwashe!" in ji ɗaya. "Ya ce ambaliya na tafe. Yau ga kogi kwance, ga injina babu."

Baba Haladu ya doka sandarsa a ƙasa. Irin tsofaffin bakin kogin nan ne, waɗanda ba su shiga aji ba amma ruwa ya gwada su har ya gaji. Yanzu ba a haihuwar irinsu.

"Yallaɓai, ruwa ya ci gidana, ya ci rumbuna, ni bai ci ni ba. Da furfurar nan za a ce mini ɓarawo? Waya ce ta faɗa!"

Al'adar fadama ce, da an ji an saki ruwan dam, kowa ya cire injinsa daga gaɓa ya kai tudu, rumfar Baba Haladu. Haka suka yi jiya, suka tafi Juma'a. Suka dawo rumfa wayam.

Sufeto ya karɓi wayar, ya dubi Nuriyya, 'yar tsohon, wadda ta saba karanta wa baban nata saƙo.

"Wa ya aiko?"

"Ba saƙo ba ne, Yallaɓai. Cikin kalanda ya fito, da ƙara. Wai an saki ruwa, a kwashe injina kafin azahar."

"Kalanda?"

"Da ma ta dame mu. Tun da Baba ya danna wani talla, kullum sai ta yi ta kuka, wai ya ci mota, wai wayarsa ta kamu da cuta. Muka kai wa Rilwanu mai gyara a kasuwa, ya share. Tun daga nan shiru, sai wannan. Shi ya sa muka yarda."

"Wa ya kai injinan tudu?"

"Safiyanu mai kurkura."

Kafin kofur ya nemo hularsa, Sufeto ya riga ya hau babur.

Sun tarar da Safiyanu a tasha yana goge kurkurarsa, wato keken nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya.

"Na kai, na sauke, na tafi masallaci. Ban koma ba."

"Wa ya kira ka fadama?"

"Ai... wucewa nake."

"Wucewa zuwa ina? Hanyar a kogi ta ƙare. Manoma sun ce kana nan fake tun kafin wayar ta yi ƙara. Ko kai ne ke sakin ruwan dam?"

Safiyanu ya goge gumi da tsumman mai. "Wani ne ya ce in jira, za a samu lodi."

"Wani ba shi da suna?"

Safiyanu ya koma goge kurkurarsa. Sufeto bai tsaya roƙo ba. Ya bar shi hannun kofur, ya nufi kasuwa, ya aika a zo da tsohon da 'yarsa.

Rilwanu na zaune a shagonsa cikin wayoyi, fuska fes, baki kamar zuma.

"Malam, tawa ma kalandar ta haukace," Sufeto ya ce. "Yaya ake korar tarkacen nan?"

"Sauƙi, Yallaɓai. Kada ka bi su ɗaya-ɗaya kana gogewa, dawowa za su yi. Ka shiga saiti, ka duba kalandun da aka liƙa wa wayar, wadda ba ka sani ba ka cire ta. Sai ka hana gayyatar baƙi shigowa da kanta. Shi ke nan."

"Haka ka yi wa ta Baba?"

"Tas! Ko ƙuda ba zai shiga ba."

"To ambaliya ta ina ta shiga?"

"'Yan damfara ne, Yallaɓai, na ƙasar waje."

"Na ƙasar waje sun san azahar? Sun san injinan fadamar Haɗeja?"

Sufeto ya buɗe saitin wayar Baba. Tsohuwar kalandar talla an cire ta, gaskiya. Amma ƙofar gayyata a buɗe take hanhai. Ya koma kan gargaɗin. A ƙasansa ga tambaya, za ka halarta ko a'a, ba wanda ya taɓa ta.

"Baba, an gayyace ka ba ka amsa ba. Danna nan."

Tsohon ya ɗora babban yatsansa, ya danna kamar mai dangwala ƙuri'a.

Waya ta yi ƙara a aljihun Rilwanu.

Sufeto ya miƙa hannu. Rilwanu ya ciro ta. Ga shi a fuskar wayar, Haladu ya amsa gayyatarka.

"Injinan suna ina?"

"Wani kango... hanyar Miga. Ban sayar ba, wallahi. Na ce wa Safiyanu masu su ne suka ce a sake musu wuri." Ya juya. "Baba, ka yafe. Na san in kai ka faɗa, ba mai musu."

"Da sunana ka yi fashi ke nan, ɗan nan?"

Kofur, da ya biyo su kasuwa, ya danna wa Rilwanu ankwa, aka tasa shi gaba, 'yan kasuwa na leƙe.

"Yallaɓai," Baba Haladu ya ce, "injinan nan ba a ofis za a raba su ba. A ɗora ni a kansu, a bi da ni ta tsakiyar kasuwa har fadama, da rana tsaka."

Sufeto ya riga ya tayar da babur. "Hau, Baba. Shinkafa na jira."