Ƙuna a Ranar Gajimare

Akwai wani yaro ɗan aji huɗu a birnin Hobart. Shi aka zaɓa ya yi wa ajinsu gasar iyo ranar Juma'a.

Ranar Lahadi kawunsa Lachlan ya ce su je bakin teku ya gwada hannu. Kawu bai daɗe da dawowa daga Turai ba, kuma ba ya iya wuni a gida.

Mama ta miƙo malafa da man kare fata. "Ku shafa kafin ku fita."

Kawu ya leƙa taga. "Haba Yaya, wace rana? Gari duk gajimare."

Yaron ya cusa man a jaka. Suka wuni a ruwa, ba riga.

Da yamma kafaɗun yaron suka yi jawur. Hancin Kawu kuwa kamar tumatir.

"Mama, me ya ƙona ni? Ni fa har rawar sanyi na yi."

"Rana ce."

"Ai ba ta fito ba."

"Tambayi kawunka, shi ne masani."

Kawu ya sosa ƙeya.

Washegari fatar yaron ta yi bororo. Likita ya hana shi shiga ruwa har sai ta warke.

Yaron ya je ya gaya wa malamarsu, Malama Whitlock, idonsa cike da ƙwalla. "Malama, yaya abu zai ƙona mutum babu zafi?"

Ta ce, "Zafin da kake ji daban, hasken da ke ƙona fata daban. Wannan hasken ba a ganinsa, kuma yana ratsa gajimare."

"To, yaya zan tsere wa abin da ba na gani?"

"Ba tserewa za ka yi ba. Shiri za ka yi: riga, malafa, mai, da inuwa."

Ranar Juma'a yana zaune a rumfa, wani ya yi iyo a madadinsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Bayan mako biyu fatar ta warke sarai. Malama ta kira shi. "Akwai gasar makarantun gari. Na sa sunanka."

Ya shiga ruwa da shirinsa, ya zo na biyu. Baki har kunne don murna.

Tun daga nan ya gane cewa sanyin gari ba ya hana ƙunar rana. Ko da gajimare, a kare fata kafin a fita.