Rumbunan Maigari Barmo

Hajiya Mu'minat ta idar da sallar azahar, ta zauna a tsakar gidanta da ke Tanout, wani ɗan littafi rufe bisa cinyarta. Shekara ashirin da biyu ta yi tana shugabantar lakwal, wato makarantar boko, ta ƴan mata kafin ta ajiye aiki, kuma har yau ita ce shugabar komiten ɗakin karatun matasa. Da la'asar komiten zai zauna, magana ɗaya kuwa za ta kai: a kwashe littafin nan, a hana yara karanta shi.

Marubucin ba bare ba ne. Mushe Abdulgafar ne, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, malamin tarihi, wanda aka tsayar da ranar aurensa da autarta Rukaiya bayan kaka. Ya zaga ƙauyukan kwarin Tarka yana tattara labarin farin shekarar tamanin da huɗu daga bakin tsofaffi. A shafi na arba'in da ɗaya ya kawo waƙar daka da mata suka yi wa Maigari Barmo, mahaifin Hajiya, wanda ya liƙe rumbuna uku da laka alhali jama'a na jiƙa ƴaƴan anza masu ɗaci suna ci. A ƙarƙashin waƙar ya rubuta: "A ganina, mutumin nan ya fifita hatsi a kan rayuka."

Rukaiya ta fito daga ɗaki, idanu a kumbure, ta durƙusa.

"Mama, don Allah ki bari a yi magana kafin ki tafi."

"Maganar ta ƙare. Wanda ya tone kabarin ubana ba zai sha ruwa a gidana da sunan suruki ba."

Sai ga sallama daga ƙofa. Abdulgafar ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya tsuguna, kansa a sunkuye.

"Mama, na zo neman gafararku. Kwafi ɗari biyu aka buga. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya in yage shafin da hannuna, in dai ba za ku raba ni da Rukaiya ba."

Hajiya ta ji sanyi ya fara sauka a ƙirjinta. Amma kafin ta buɗe baki, Rukaiya ta juya ta dube shi.

"In ka yage shi saboda ni, ka haɗa har da ranar auren ka yage."

"Rukaiya, kanki ɗaya kuwa?" in ji Hajiya.

"Mama, tsofaffi suka ba shi amanar bakinsu. Wanda ya sayar da amanarsu yau don ya samu mace, gobe da me zai sayar da tawa? In abin da ya rubuta ƙarya ne, ki faɗa mana gaskiyar. Sau biyu ya zo da littafinsa da alƙalami yana roƙon ki ba shi labarin kakana, kika ce kanki na ciwo."

Hajiya ta dafa littafin. Shekara arba'in tana danne maganar, yau ta ƙi dannuwa.

"Iri ne," ta ce a hankali. "Abin da ke cikin rumbunan iri ne na gari duka. Ya rantse ba za a fasa su ba sai ruwa ya sauka. Ƙanwata Kadi, shekararta huɗu, a bayana ta cika. Innarmu ta kwanta a gindin rumbu tana roƙonsa tiya ɗaya ta hatsi, ya juya mata baya yana hawaye. Da damina ta faɗi ya fasa su, kowane gida ya samu abin shuka, har da gidajen masu waƙar. Ƙauyukan da suka cinye irinsu, yau ko kufai babu."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Kana tsammanin jimlarka ce ta ƙona ni, Abdulgafar? Ni ma na faɗe ta a zuciyata, ina ƴar shekara goma sha biyu. Ban so in gan ta a rubuce ba."

Abdulgafar ya ɗago kai.

"Mama, na yi kuskure. Na yanke hukunci da kunne ɗaya. Waƙar ba tawa ba ce, ba ni da ikon goge ta. Amma ra'ayin nawa ne, kuma a bugu na gaba zan rubuta cewa na yi gaggawa. Sai dai amsar da ta fi dacewa ba daga hannuna za ta fito ba."

Ya ciro alƙalami daga aljihu, ya miƙa da hannu biyu.

Hajiya ta dubi alƙalamin, ta dubi ɗiyarta. In ta hana littafin, waƙar za ta ci gaba da yawo a bakin turmi, labarin irin kuwa ya bi ta kabari. Aka kira la'asar. Ta karɓi alƙalamin.

A wurin komite ta ce a bar littafin inda yake. Mako uku ta yi tana rubutu, tana yagewa, tana sakewa. Bayan kaka aka ɗaura aure, kuma bugu na biyu ya fito da shafi shida sababbi daf da waƙar, masu taken "Amsar ɗiyar Barmo". A nan ne sunan Kadi ya fara shiga takarda.

Ƴaƴana, ku riƙe wannan. Rufe littafi ba ya wanke suna, ra'ayi da hujja ake amsa shi. Mai alƙalami kuma kada ya ce "a ganina" sai ya zaga ya ga bayan rumbu.