Bijimin Tagulla na Bunu

Duk wanda ya girma a Hausari zamanin Turawa ya san Bunu maƙerin tagulla. Munduwa da ƙararrawa yake zubawa, suna ciyar da gidansa. Shi dai bai ƙoshi ba.

Da Baturen mulki ya nemi a zuba masa bijimin tagulla a kafa a bakin kara, wato kasuwar shanu, Bunu ya karɓi aikin. Ya sassaƙa da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya narka tagulla ya zuba. Bijimin ya tsage. Ya sake, ya kuma tsagewa. Barci ya ƙaurace masa.

Ya nufi wani boka a bayan Nangere. Bukka ce ƙarƙashin busasshiyar kuka, ƙahonni a rataye, jini ya daskare a bakin tulu, ƙudaje na yi masa zarya da tsakar rana.

"Siffa ba ta tsayuwa sai da numfashi," in ji bokan. "Kafin ka rufe kakin, wani na gidanka ya hura masa iska."

"Shi mai hurawar fa, me zai same shi?"

"Tambaya ta kawo ka, ko neman suna?"

Bunu ya koma gida ya sake sassaƙa kakin.

Ƙaninsa Babaji ne ya hura, yana dariya. "Yaya, wannan kuma wace sabuwar dabara ce?"

Bijimin ya fito kamar zai yi tafiya. Aiki ya yi ta zuwa daga garuruwa, Bunu ya yi gidan soro. Babaji kuwa jikinsa ya fara sanyi da nauyi, fatarsa ta koma kore. Da ya rasu, da ƙyar aka ɗaga makararsa.

Bunu ya gane, amma ga aikin zuba zakin tagulla ya zo. Matarsa Aisa ta hura. Yanzu tsakar gida take tsayawa wuni guda, ba ƙiftawa, ba magana.

Ranar kasuwa ya ɗauki guduma ya tunkari bijimin. Bugun farko, tagullar ta amsa da muryar mutum: "Yaya, da zafi."

Fatake suka watse. Bunu ya yar da gudumar ya keta daji yana toshe kunnuwa, ba a sake ganinsa ba. Maƙerarsa ta rushe, babu wanda ya yarda ya gaji ko awartaki.

Kai mai gaggawar arziki, boka ba ya karɓar baƙo. Naka zai ce ka kawo.