Kashi na Goma Sha Uku

Ku matso, ku rage murya. Kun san dusasshiyar muryar Anti Rumasa'u? Ba haka aka haife ta ba.

Muna 'yan shekara sha biyu aka fara yayin wani katun na Japan. 'Yan mata biyar ne, da shugabarsu ta ɗaga sandar tauraro ta faɗi kalmomin rikiɗa sai su zama jarumai. Wajen mai tura finafinai a bakin kasuwa muke samowa, da fassarar Hausa. Mutum ɗaya ke yin duk muryoyin, baki ya motsa, magana ta biyo baya.

Kullum da yamma sai mu kwaikwaya. Mu shida ne, jarumai kuwa biyar. Rumasa'u ce shugaba saboda zaƙin muryarta. Ni ce dodo. Kullum ni ake kashewa a gindin turmi. Ina dariya, amma wallahi kamar in shaƙe ta nake ji.

Kashi na goma sha uku ne ba wanda ya gani. Na ce sai na riga Rumasa'u gani. Rana tsaka na saci jiki, na yanke ta hanyar tsamiyar bayan tsohuwar rijiya. Ko akuya babu.

Wata yarinya na zaune a kan saiwa. Sa'ata ce. Idanunta manya, kamar na 'yan katun ɗin.

"Bara'atu," ta ce. "Na sha uku kike nema?"

Ban tambayi inda ta san sunana ba. Mai son abu makaho ne.

Ta miƙo waya. Wayar sanyi ƙalau, cikin wannan ranar. Ga jaruman nan, amma shugabar fuskar Rumasa'u gare ta. Ta ɗaga sanda, ta buɗe baki. Shiru. Sai wata ta shida ta fito ta karɓe sandar. Har ɗan tabon goshina an zana mata.

Na ji daɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba.

"Kira sunanta sau uku," in ji yarinyar. "Sandar ta zama taki."

"Rumasa'u," na ce.

Ganyen tsamiya ya daina motsi.

"Rumasa'u."

"Saura ɗaya."

A nan na ɗaga kai. Bakinta ya riga ya rufe, sannan maganar ta fito. Kuma muryar da ta fito, tawa ce.

Na jefar da wayar, ban ji faɗuwarta ba. Na ja a'uziyya na zura da gudu, takalmi ɗaya. A bayana muryata tana ta kirana, a hankali, ba ta ko fushi.

Na tarar da Rumasa'u kwance, Inna na jiƙa mata citta. Da ta gan ni ta laluba ƙarƙashin matashi, ta zaro sandar, karan dawa ne da tauraron kwali.

"Karɓi," ta ce da ƙyar. "Dama yau na yi niyyar ba ki. Kin daɗe kina dodo."

Muryar ba ta ƙara dawowa daidai ba. Da na cika na ukun, Allah kaɗai ya san abin da zai rage.

Kada wanda ya bi hanyar tsamiyar nan shi kaɗai, balle da wani a ransa. Sandar tana ƙasan akwatina, ban taɓa ɗaga ta ba. Rumasa'u kuwa har yau tana cewa mura ce ta yi mata illa.