Hannun Rigar da Na Rage

Da yamma lis na rufe shago, na riƙo hannun Auta muka nufi kantin kayan wasan yara da ke bakin titi. 'Yar tsana za mu saya. Alkawarin ya kai wata huɗu, kuma alkawarin tela, kun dai sani, ba ya ruɓewa, sai dai ya tsufa.

Mai kanti ya jero mana su a kan tebur. Akwai mai gashi har gadon baya, akwai wadda ke lumshe ido in an kwantar da ita, akwai mai kuka in an danna cikinta. Na danna mai kukan sau ɗaya, na tuna gidanmu ɗaki biyu ne, na mayar da ita da ladabi. Auta, shekararta huɗu a lokacin, ko kallonsu ba ta yi ba. Can ƙasan kwali ta zura hannu ta zaro wata mai sanƙo, tsirara, ƙafa ɗaya a lotse.

"Wannan ai rigarta tun a hanya ta ɓata," in ji mai kanti. "'Yammata, zaɓi mai kyau mana."

"Ita nake so. Sanyi take ji." Ta ɗago kai ta dube ni. "Babana tela ne. Zai ɗinka mata komai da komai."

Mai kanti ya kalli rigar jikin Auta, wadda maɓallanta biyu suka tafi yawo tun bara, ya kalle ni. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Komai da komai ɗin nan, ashe lissafi ne da shi: riga, hula, filo, bargo, zanen goyo da majanyi. Kuma ba ta yarda da ƙyallayen da ke buhuna ba. Iri ɗaya take so, kamar na jaririn gaske. Na ce gobe. Goben ta haifi 'ya'ya har sati uku.

"Malam," in ji uwarta wata safiya, tana miƙo mini shayi, "jikarka fa ta fara jin kunyar baƙi. Jiya a cikin safarka ta kwana."

A ranar ne wata baƙuwa ta zo.

Ana yayyafi, gari ya fara rinewa. Ina kalmasa wani wando sai na ji wani ƙanshi, irin na sabuwar randa da aka zuba wa ruwan fari. Na ɗaga kai. Mace ce doguwa a bakin ƙofa, mayafi ya rufe ta har ƙasa. Ba ta shigo ba. Ta miƙo yadi.

Shekara ashirin da biyar ina taɓa yadi, ban taɓa riƙe irinsa ba. Ba shuɗi ba ne, ba kore ba. Laushi kamar kunnen jariri. Ga ɗumi, sai ka ce yanzu aka cire shi daga jikin mutum.

"Rigar sanyi," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ta yarona."

"To, Hajiya, ina yaron a auna shi?"

Ta ajiye wata igiya mai ƙulle-ƙulle a kan teburin yanka. "Na farko wuya. Na biyu ƙirji. Na uku tsawo. Na ƙarshe hannu. Yadda igiya ta ce, haka za ka yi. Ranar Laraba, war haka."

Na sunkuya ɗauko tef. Da na ɗago, yayyafi kawai na gani.

Na ɗora igiya a kan tef. Wuya, ƙirji, tsawo, duk na yaro ɗan shekara guda, lafiyayye. Sai hannu. Na ja igiya, na ja, na ja. Tef ɗina ya ƙare, igiya ba ta ƙare ba.

Dariya na yi har da buga cinya. Masu awo a gida! Na taɓa ganin wadda ta auna mijinta yana barci a ƙudundune. Na ce wannan baiwar Allah ta manta ba ta yi ƙullin ba sai da ta kai bakin igiya. Zan gyara mata kuskure, ta gode mini. Na ɗauki alli na zana hannu inci takwas, kamar na kowane ɗan mutum.

Haka na gaya wa kaina. Amma tunda na ɗauko labarin, bari in ɗauko shi da jelarsa. Mu teloli ba ma cewa sata, ragowa muke cewa. Ita kuwa ragowa bayan yanka ake ganinta. Ni tun kafin almakashi ya taɓa yadin nan na riga na hango hular 'yar tsana a cikinsa.

Rigar yaron ta ci mini awa ɗaya. Kayan 'yar tsana suka ci kwana biyu, har da 'yar tattara a wuyan riga. Da na kai gida Auta ta yi tsalle har ta kifar da buta. Ta sa wa sanƙonta hula, ta goya ta, ta ɗaure majanyi tamau, ta shiga kai-kawo a tsakar gida tana jijjiga kamar tsohuwar ungozoma.

"Baba, a ina ka samo mai laushi haka?"

"Wata mata ce ta ba ni kyauta. Ta ce a ba ki."

Ko tari ban yi ba da na faɗa.

Ranar Laraba uwarta ta tafi duba ƙanwarta da ba ta jin daɗi, ta bar mini Auta a shago. Tun la'asar ake ruwa. Mai gyaran waya na kusa da ni ya rufe da wuri, mai wanki da guga ya bi bayansa. Aka ɗauke wuta. Na kunna fitila mai caji na rataye a ƙusa. Auta na ƙarƙashin teburin yanka, ta shimfiɗa bargo, tana yi wa 'yarta faɗa a kan ƙin cin abinci.

Ƙanshin ne ya fara isowa.

Tana bakin ƙofa. Yau da goyo a ƙarƙashin mayafin.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ga shi, tun jiya yake jiranki." Na miƙa mata rigar da hannu biyu, ina murmushin da muke yi wa wanda muka cuta.

Ta sauko da goyon zuwa gabanta, cikin mayafi. Na ji motsin yadi. Sai wani ɗan sauti, kaf-kaf-kaf, siriri. Na ɗauka ɗigar ruwa ce a kan kwano.

Haƙora ne. Ƙananan haƙora suna kaɗawa.

"Tela," ta ce. "Ya gaza."

"Ai Hajiya, awon ne aka ɗan..."

Hannu ya leƙo daga mayafin. Ɗan hannu mai kyau, yatsu kumbul-kumbul. Ga hannun rigata, inci takwas, ɗinki tsaf. Hannun riga ya ƙare.

Hannun yaro bai ƙare ba.

Ya sauko har ƙasa. Ya tsallake dokin ƙofa. Ya biyo siminti yana lalube, ya wuce ƙafar keken ɗinki, ya ture kwarkwaron zare. Fata tsirara, tsikar jiki duk ta tashi, ruwa na gangarowa a kai.

Rawar ɗari yake yi. Wallahi ba tsawon ne ya kashe mini jiki ba, rawar ɗarin ce.

Ya shige ƙarƙashin tebur.

Auta ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba, hannun wa ne? Kai, sanyi!"

Na durƙusa. Yatsun sun shafa bargon, sun shafa hular, sannan suka zagaye wuyan hannunta na hagu suka riƙe.

Na buɗe baki in yi addu'a. Harshena ya zama ƙyalle.

"'Yar nan," in ji baƙuwar, a hankali kamar mai lallashi. "Wa ya ba ki yadin nan?"

"Wata mata ce ta ba babana kyauta."

Ruwa na dukan kwano. Fitila na lilo a ƙusa.

"Haka ne, tela?"

"A'a," na ce. "Ɗauka na yi."

"Ba ni za ka gaya wa ba."

Na juya. Idon Auta ƙur a kaina.

"Auta, ƙarya na yi miki. Na yaron nan ne. Ni na ɗauke masa."

Dariyar ce kawai ta sauka daga fuskarta.

"Ɗumi yake nema," in ji matar. "In bai same shi a yadinsa ba, zai sha daga inda ya riƙe. Yi sauri. Ba ya iya jira."

Na fizgo reza. Auta da kanta ta miƙo mini 'yar tsanar da hannu ɗaya, ta kwance majanyi. Na farke riga. Na farke hula, na jawo bargo da zanen goyo. Na zazzage audugar filo. Tattarar da na kwana biyu ina yi wa ado, tsinke ɗaya na yi mata.

Na hau keke. Ƙyalle kan ƙyalle, ina haɗa su dogaye biyu. Ƙafata na zamewa a kan feda. Zare ya tsinke. Na lasa, na zura, na kuskure. Na sake.

"Baba, yatsuna ba sa ji."

"Yanzu, uwata. Yanzun nan."

Hannu na biyu ya fito daga mayafi ya kwanta a kan teburina, kamar mai jiran awo. Na naɗe shi da yadin, na bi da allurar hannu, manyan ɗinki, irin wanda da almajirin ɗinki ne ya yi sai na mare shi. Taɓa fatar kamar taɓa ƙarfen rijiya da asuba. Yadi ya kai har wuyan hannu. Rawar wannan ɓangaren ta tsaya.

Saura wanda ya riƙe 'yata.

Na fara daga bakin ƙofa, a kan gwiwa. Ban ɗaga kai ba. Ina jin numfashi a bisa ƙeyata, mai sanyi, mai ƙanshin laka.

Soka, ja. Soka, ja.

Na wuce keke.

"Baba." Muryarta ta yi laushi. "Barci nake ji."

"Kada ki yi barci! Gaya mini sunan 'yarki."

"Ba ta da suna. Sai an sake yi mata riga tukuna."

Soka, ja. Allura ta shige babban yatsana, ban tsaya ba.

Na shiga ƙarƙashin tebur. Ga gwiwar Auta. Ga leɓenta ya yi fari.

Yadi ya ƙare.

Saura faɗin yatsu uku.

Kowane tela ya san wannan: duk inda ka haɗa ƙyalle biyu, ɗinki sai ya ci nasa. Abin da ka yanka ba ya komawa tsawonsa. Na ja yadin, ya ƙi. Na lalube ƙasa ko da zare ɗaya ya faɗi. Babu.

"Hajiya, ga shadda, ga ulu, ga duk abin da ke shagon nan. Ga rigar jikina."

"Naku ba ya ɗumama mu."

"To ki ɗauka a jikina. Ni na yanka."

"Ba kai ya riƙe ba."

Yatsun suka matsa. Sau ɗaya.

"Wash," in ji Auta, can ƙasa.

Suka saki.

Hannun ya ja da baya, suuu, a kan siminti, cikin rigarsa mai faci goma sha ɗaya. Ya tsallake dokin ƙofa. Kaf-kaf ɗin ya yi shiru.

"Ya cika," in ji matar.

Ban ga tafiyarta ba. Na rungumo Auta na jawo ta gaban fitila ina juya hannun. Ba rauni, ba tabo, yatsu duk suna motsi. Sai dai a wuyan hannun, faɗin yatsu uku, wurin sanyi ƙalau kamar kwalbar da aka ciro daga firji. Na hura, na murza, na sa a hammatata. Ko gezau.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki 'yar tsanarta tsirara ta tura cikin rigarta, ta rungume.

"Zan ɗinka mata wasu gobe," na ce. "Goben gaske. Da yadin da zan saya."

"Bar shi, Baba. Ni zan riƙa ɗumama ta."

Da uwarta ta tambaya, na ce ruwa ne ya taɓa yarinyar. An je wurin likita uku, an sha shafe-shafe, kowa ya faɗi nasa, ni ina gefe ina gyaɗa kai kamar baƙo. Auta ba ta taɓa tona ni ba, ko da rana ɗaya. Da ta tona ni, ina jin da na fi samun barci.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo ɗinki, ragowarsa na cikin ledarsa, ko da faɗin farce ne. Har wata ta ce mini, "Tela, shara kuma ka koma ba mu?" Awo kuwa, ko an ce mini wuyan mutum ya kai taga, haka zan yanka.

Yanzu Auta shekararta goma sha tara. Ko a tsakiyar zafi, wurin nan yana nan yadda yake. Ni nake ɗinka mata kaya, kuma kowace riga hannunta na hagu yakan zarce da yatsu uku. Maƙwabta sun mai da abin wasa: ga tela shekara arba'in a kan keke, bai iya auna hannun 'yarsa ba. In sun yi dariya nakan taya su.

Ita kuwa ba ta taɓa naɗe hannun rigar ba.