Baho Mai Ƙofa

"Wannan za mu ɗauka."

Nevena ce ta faɗa, hannunta a kan wani farin baho mai 'yar ƙofa a gefe, da wurin zama a ciki, da ƙarfen riƙewa. Ta ƙi yarda su haɗa ido da saurayinta.

Plamen ya yi dariya, a zatonsa wasa take. "Haba rabin raina! Shimfiɗar roba fa muka zo saya, wadda za ta hana Kawu, babanki, sake zamewa kafin Yayanki ya zo ya ɗauke shi."

Mai shagon ya matso yana murza hannu. "Amarya ta iya zaɓe! Tsoho zai buɗe ƙofa ya shiga da ƙafarsa, ba ɗauka ba tallabewa. Wannan sai ya yi shekara ashirin ko tsagewa bai yi ba."

"Shekara ashirin..." Plamen ya maimaita a hankali. Dariyar ta ɓace daga fuskarsa. Ya juya ya fice.

A bakin titi ta same shi, ya jingina da motarsa yana kallon ƙasa.

"Plamen..."

"Ba za ki bi ni ba ke nan."

"Ka tsaya ka ji..."

"Me zan ji? Wanda zai bar gida nan da wata biyu ba ya sayen irin wannan bahon! Kin yanke shawara, kuma sai a gaban mai shago zan ji?"

Idanunta suka kawo ruwa. "Na rasa bakin da zan gaya maka ne."

Shekara uku suna tare, duk unguwarsu a garin Ruse an san Nevena ta Plamen ce. An sa biki bayan an gama tsinkar inabi, daga nan su wuce birnin Hamburg a ƙasar waje, inda ya samu aikin haɗa bututu a wurin ƙera jiragen ruwa. Ana cikin shiri, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mahaifinta, Baba Dimo, tsohon direban jirgin ƙasa, mutumin da shi kaɗai ya raine su tun rasuwar mahaifiyarsu. Yayanta Ognyan ya ce kada ta damu, zai mai da shi wurinsa a birnin Sofiya.

Makon da ya wuce ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ta tarar da gidan shiru. A banɗaki ta same shi. Ya lallaɓa ya shiga tsohon bahon ƙarfe don kada ya ɗora mata wahala, ya kasa fitowa. Ruwan ya yi sanyi ƙalau, leɓɓansa sun canja launi, yana karkarwa yana ta ƙoƙarin rufe jikinsa da hannun da ke motsi.

"Yaya ya kira ni jiya," ta ce tana share fuska. "Ba gidansa zai kai shi ba. Gidan tsofaffi ya samo masa a bayan gari. Wai ɗakinsu ya yi ƙanƙanta."

Plamen ya kau da kai.

"Baba ne fa, Plamen! Mutumin da ya koyi kitso saboda ni. In kai shi inda ba wanda ya san sunansa, in tafi in yi amarci?"

"Ni kuma fa? Kin san kamfaninmu ya rufe. Kin san Mama da ƙannena ni suke kallo. Na riga na sa hannu a takardar aiki, Nevena. Ba yawon buɗe ido zan tafi ba."

"Na sani."

"To yaya kike so in yi?"

"Ban sani ba... wallahi ban sani ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya goge idonsa da bayan hannu, ya koma cikin shagon. Tana jiyo muryarsa yana tambayar faɗin bahon da tsawonsa, da ɓangaren da ƙofar take buɗewa.

Ranar Asabar da safe ya iso da guduma da akwatin kayan aiki. Ko gaisuwar kirki bai yi mata ba. Ya wuce wurin Baba Dimo da ke zaune a kujerarsa ta bakin taga, ya durƙusa.

"Kawu, yau zan rushe maka banɗaki."

Tsohon ya karkata baki, maganarsa na fita da nauyi. "Ka rushe... a hankali. Gidan ya girme ka."

"Ya girme ni, amma bai kai ka taurin kai ba."

"Ɗan banza," in ji Baba Dimo, yana dariyar da rabin fuskarsa kaɗai ke yi.

Aka shiga fasa tayil. Ƙura ta cika gidan, Nevena ta rataya jiƙaƙƙen zane a ƙofar ɗakin Baba. Tsohon bahon ya ƙi fita ta daɗi, sai da maƙwabta biyu suka kama, ana nishi ana tsokanar juna, aka sauko da shi daga bene. Da suka zo wucewa da shi ta falo, Baba Dimo ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya."

Suka tsaya. Ya miƙa hannu ya shafa bakin bahon, inda fentin ya goge.

"Ni da uwarki muka hau da shi... tana da cikinki. Ta ce sai ta kama. Na hana, ta ƙi."

Ya janye hannunsa, ya mai da fuska wajen taga.

Aikin ya ci kwanaki. Bututun da ke cikin bango duk sun yi tsatsa, sai da Plamen ya canja su. Kullum ya zo, ya yi ta aiki ba magana. Nevena ta kan ajiye masa banitsa mai zafi, wato gasasshiyar fulawa mai cuku a ciki, da kofin kindirmo a bakin ƙofa, in ta dawo ta tarar ya cinye ya wanke kofin. Wani lokaci ta kan tsaya tana kallon bayansa, yana durƙushe yana gwada ko bahon ya zauna daidai, yana cusa abu a ƙarƙashi, yana sake gwadawa.

Rannan ya kira ta ba tare da ya waiwayo ba. "Zo ki zauna a ciki."

Ta buɗe 'yar ƙofar ta shiga da kayanta, ta zauna.

"Miƙa hannun dama, kamar za ki tashi. Na hagun Kawu ya mutu, ki manta da shi."

Ta miƙa. Ya kama hannun ya ɗora a bango, ya yi alama da fensir inda zai kafa ƙarfen riƙewa. Ya gama alamar, amma bai saki hannun ba.

"Ka rame," ta ce a hankali.

"Ke ma."

"Kana fushi da ni?"

"Na yi ta ƙoƙari in yi, abin ya ƙi." Muryarsa ta karye. "Da kin bar shi kin bi ni, da ba ke ce wadda nake so ba. Kin ga masifar?"

Ta kifa kanta a kafaɗarsa, a nan cikin busasshen baho, ta yi kuka mai isarta.

Da gam ɗin da aka liƙe bahon da shi ya bushe, aka tara ruwa aka ga ko ɗigo babu, Nevena ta ɗauko tawul da sabulu. Baba Dimo ya girgiza kai.

"Ba ke ba. Shi."

"Baba, ai na saba..."

"Ni ban saba ba!" Ya faɗa da ƙarfin da ta daɗe ba ta ji ba. "Yau ɗaya dai... a bar ni in yi wanka kamar namiji."

Plamen ya karɓi tawul ɗin, ya naɗe hannun riga, ya tallabe tsohon suka shiga. Nevena ta tsaya a bayan ƙofa. Ta ji ƙarar ruwa, ta ji Baba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Zafin ya yi, Kawu?"

"Ya yi... Kai, ashe ka iya wani abu."

"Sunkuya in cuɗa maka baya."

Ƙarar soso ta ci gaba. Can ta ji muryar mahaifinta ƙasa-ƙasa.

"Yaro... ka tafi da ita."

"Kawu..."

"Ka ji ni! Ni na gama nawa. Su kai ni gidan tsofaffin, ai gado ne da miya, ko'ina ɗaya ne. Ka ce mata ka fi ƙarfinta. Ka ja ta ku tafi."

"Ko na ja ta, gangar jikinta kawai zan tafi da ita. Kullum hankalinta na nan. Wata rana a kira ta a ce ka faɗi ba kowa kusa, daga ranar ba za ta ƙara iya kallona ba."

"To ka zauna."

Ƙarar soso ta tsaya.

"Ina da uwa, Kawu," in ji Plamen, da muryar da da ƙyar ta fita.

Nevena ta toshe bakinta da hannu biyu, ta zame ta zauna a ƙasa. A ciki, ta ji tsohon yana kuka irin na wanda ya manta yadda ake yi, Plamen yana cewa, "Rufe idonka, sabulu zai shiga... rufe idonka, Kawu."

Ana tsakiyar tsinkar inabi ya tafi. Ta raka shi tashar bas, mahaifiyarsa na gefe da ƙullin abinci tana ta addu'a. Da aka fara shiga mota, Nevena ta zare zoben baikonsu daga yatsanta.

"Kar ki soma!" ya ce.

"Ba na so in ɗaure ka, masoyina. Ban san ranar da zan samu kaina ba. Kuma ba zan taɓa zama ina fatan ranar ta zo da wuri ba... ka san abin da hakan ke nufi."

"Zan jira."

"Ka jira mutuwar Baba? Haka kake so mu fara?"

Ta sa zoben a tafin hannunsa, ta naɗe yatsunsa a kai, ta sumbace su. Direba ya danna oda. Har bas ɗin ta sha kwana fuskarsa na manne da gilashi.

Da farko kullum sai ya kira. Ya tambayi jikin Kawu, ya tambaya ko ƙofar bahon na yoyo, su yi shiru suna jin numfashin juna. A hankali ya koma ranar Lahadi kawai, daga nan sai lokacin bukukuwa. Ba wanda ya yi wa wani laifi. Ita ce ma ta fara barin wayar ta yi ta ƙara har ta katse, don duk ranar da ta ji muryarsa sai ta kwana biyu ba ta dawo daidai ba.

A shekara ta uku mahaifiyarsa ta shigo kantin magani. Ta sayi abin da za ta saya, ta ƙi tafiya. Ta kama hannun Nevena tana hawaye.

"'Yata, gara ki ji daga bakina. Zai yi aure... wata 'yar ƙasarmu ce, can suka haɗu. Ki yafe mana."

"Ba abin yafewa, Mama. Allah ya ba su zaman lafiya."

Ta faɗa da murmushi, har ta rako ta bakin ƙofa.

Da yamma ta koma gida ta ɗora miyar wake, ta shirya wa Baba wanka. Yanzu ya daina gardama. Ya dafa ta ya shiga, ta rufe 'yar ƙofar, ta sakar masa ruwa. Tana cuɗa masa wuya ya ce, "Maƙwabciya ta gaya min."

Ta ci gaba da cuɗawa.

"Nevena... na cinye miki ƙuruciya."

"Ba ka ci komai ba, Baba."

"Da na mutu a waccan ranar cikin ruwan sanyi, da yanzu kina da..."

"Baba!" Ta saki soson. "Kar ka ƙara! Kana ji na? Kar ka ƙara faɗar haka!"

Ya ɗago hannunsa mai lafiya, jiƙe da kumfa, ya ɗora a kanta kamar yadda yake yi tana yarinya. Kukan da ta haɗiye tun rana ya ƙwace mata. Ta kifa goshi a bakin bahon tana shessheƙa, shi kuma yana shafa gashinta, hawayensa na gangarowa cikin ruwa.

Sun daɗe a haka. Sai da ta ji jikinsa ya fara rawa ta ɗago, ta taɓa ruwan, ta ji ya huce. Ta ja majina, ta buɗe famfon zafi.

"Matso gaba, Baba," ta ce. "Saura bayanka."