Kyamara Biyu a Gidan Dakta Bashari

Da hantsin ranar Lahadi Dakta Bashari ya shigo ofishin 'yan sanda na unguwar Malaz a Riyad, ya ce an yi masa sata a gida, kuma ya san ɓarawon.

Aka tura shi wurin Luƙman Hausawi. Luƙman haifaffen Makka ne, kakansa ya zo aikin hajji daga Katsina bai koma ba. A ofis da muƙaminsa na Larabci ake kiransa, amma 'yan Najeriya mazauna Riyad ba su san shi da wani suna ba sai Sufeto.

"Me aka sace, Dakta?"

"Kyamarar 'yata Muhibba. Irin wadda ake cire mata gilashi a sa wani."

"Wa kake zargi?"

"Direbana, Harouna. Kuma ba zargi ba ne, ga shaida."

Ya ajiye wani baƙin murfi na roba a kan tebur, faɗinsa ya kai bakin kofin shayi.

"Murfin gilashin kyamarar ne. A ƙarƙashin katifarsa na same shi. Ni ne kafilinsa, iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, da sunana take. Ina so a kai shi tarhil, a mayar da shi ƙasarsu."

Sufeto ya sa Dakta ya rubuta ƙara ya sa hannu. Aka tura kofur ya ɗauko Harouna, Sufeto kuma ya jefa murfin a aljihu ya bi Dakta gida.

Gidan a bene na uku yake. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. A ɗakin yarinyar akwai kwamfuta a kan tebur, da 'yan kunnen gwal cikin faranti kusa da madubi. Sufeto ya daɗe yana kallon su.

Muhibba 'yar shekara goma sha shida ce. Idanunta sun kumbura. Ta fi sakin baki da Larabci, Hausarta a tsinke take.

"Wa ya saya miki kyamarar?"

"Ummi."

"Ina take?"

"Unguwar Shumaisi," Dakta ya amsa kafin yarinyar ta buɗe baki. "Mun rabu. Yarinya tana hannuna, ranar Juma'a kaɗai take zuwa wurinta."

"Yaushe rabonki da kyamarar?"

"Alhamis. Na ajiye ta nan kafin in tafi makaranta. Da na dawo babu."

"Harouna yana shigowa ɗakinki?"

"La, ba ya shigowa. Kicin yake tsayawa, ya ajiye ruwa ya fita. Ba shi ba ne."

"Ke yarinya ce, me kika sani?" in ji Dakta. "Zo, Sufeto, ka ga abin da ake kira kyamara."

Ya kai shi ɗakinsa, ya zaro mabuɗi daga aljihu ya buɗe wata durowa mai gilashi. A ciki akwai wata ƙatuwar kyamara, da gilashi mai tsawon damtse, idonta a buɗe yana kallon ƙofa.

"Ni na saya mata wannan. Irin ta ƙwararru ce. Ta ɗaga sau ɗaya ta ce ta yi mata nauyi, ta dawo mini da ita. Ta fi son abin wasan da uwarta ta ba ta."

"Wa ke da mabuɗin nan ban da kai?"

"Ba kowa. Shi ya sa ɓarawon bai same ta ba."

A ofis, Harouna na zaune a kan benci, hannayensa tsakanin gwiwoyi. Mutumin Maraɗi ne, furfura ta fara fito masa a gemu.

"Ka taɓa riƙe kyamarar nan?"

"Wallahi ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko a ido ban san ta sosai ba."

"Kai kake kai yarinyar Shumaisi duk Juma'a, tana ɗaukar hoto ta tagar mota, amma ba ka san ta ba?"

Harouna ya sunkuyar da kai.

"Murfin nan fa, yaya aka yi ya shiga ƙarƙashin katifarka?"

"Allah ya gani ban sani ba. Ɗakina a ƙasa yake, ba ya kulluwa. 'Ya'yana biyar a gida, ranka ya daɗe. In aka kai ni tarhil da sunan ɓarawo, da wane ido zan kalle su?"

Sufeto ya san ƙarya yake yi game da riƙe kyamarar. Abin da bai sani ba shi ne dalili. Ya ce a ci gaba da tsare shi.

Turai, mahaifiyar Muhibba, nas ce. Sufeto ya same ta a harabar asibitin da take aiki lokacin hutun azahar, ta ɗora abaya a kan kayan aiki.

"Ke kika miƙa wa yarinyar kyamarar da hannunki?"

"Eh, ranar Juma'a."

"Ta gaya mini ranar Talata ta same ta a kujerar mota, an naɗe da takarda."

Muhibba ba ta faɗi haka ba. Sufeto ya jefa ƙugiya ne kawai. Turai ta sauke numfashi.

"Litinin ce. Harouna na ba. Bashari ya hana shi karɓo komai daga wurina, ya ce ranar da ya kama shi zai soke masa iƙama. Na ce masa ko wa ya tambaye shi, ya ce bai taɓa ta ba. Ni na jefa bawan Allah a wannan."

"Me ya sa ba ki jira Juma'a ba?"

"Ranar haihuwarta ce. Ba a ba ni ranar ba."

"Me ya sa kyamara?"

Nan fuskarta ta ɗan saki.

"Tun tana ƙarama take ɗaukar hoto da wayata. Maguna, hannun masu sayar da dabino, tsofaffin ƙofofi na unguwar Dira. Ni ban san komai a kan kyamara ba. In na tashi aiki sai in shiga tasi in tafi kasuwar Baɗha, in bi shaguna ina tambaya. Wani ya ce in sayi babba, wani ya ce waya ma ta isa. Sai na samu wani dattijo ɗan Yaman, ya ce in kawo hotunan da take ɗauka ya gani. Ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi girman hannunta, na gwada masa da nawa. Ya ce mai koyo ba ta son nauyi, in ta yi nauyi za ta zauna a durowa. Ya fito da ƙarama wadda za ta shiga jakar makaranta, rubutun cikinta da Larabci, da gilashi ɗaya na yau da kullum. Ya ce in hannunta ya faɗa, sai a ƙara mata wani na ɗaukar fuska."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Na so ta riƙe wani abu nawa sauran ranakun da ba na nan."

"Da ta ɓace, me kika yi?"

"Ta kira ni tana kuka. Na kira Bashari ranar Asabar na ce in bai kai ƙara ba, ni zan kai. Sai ga shi ya riga ni."

Shagon dattijon yana cikin wani lungu a Baɗha, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da waya. Sufeto ya yi masa magana da Larabci, ya kwatanta Turai.

"Na tuna ta. Ta sha zuwa kafin ta saya. Da ma duk iyaye haka suke."

"Nuna mini irin wadda ka sayar mata."

Dattijon ya sauko da ita. Ba ta fi tafin hannu biyu ba. Sufeto ya fito da murfin ya miƙa masa. Dattijon ya ɗora shi a bakin gilashin, murfin ya haɗiye bakin gaba ɗaya ya zame ya faɗi kan tebur.

"Wannan ba nata ba ne. Duba lambar da ke bayansa, faɗin baki ne. Na babban gilashi ne, irin wanda na sayar wa likitan nan."

"Wane likita?"

"Baƙin mutum dogo, mai tabarau. Ya zo ba da daɗewa ba bayan matar, riƙe da ledar shagona. Ya ce me na sayar a cikin ledar nan, na nuna masa. Ya ce in ba shi wadda ta fi kowace tsada a shagon. Na ce wa za a ba? Ya ce ba ruwana. Na ce in yaro ne ba za ta yi masa ba. Ya ce shi ya zo saye ne, bai zo neman shawara ba."

Sufeto ya ɗauki murfin ya yi godiya.

Bayan la'asar ya koma gidan Dakta da kofur da Harouna. Ya sa aka kira Turai, ta tsaya a bakin ƙofar falo ba ta shiga ba.

"Dakta, ɗauko mana babbar kyamarar."

"Me ya haɗa ta da maganar?"

"Ɗauko dai."

Ya kawo. Sufeto ya ɗora murfin a bakin gilashin ya danna. Ya shiga daidai, ƙas.

Sufeto ya ɗago ya dubi Dakta.

"Ka ce ba mai mabuɗin durowar sai kai. To yaya murfin da ke cikinta ya sauka bene uku ya shiga ƙarƙashin katifar Harouna?"

"Ƙila na bar ta a buɗe wata rana."

"Sai ɓarawo ya buɗe, ya bar kyamara mafi tsada, ya ɗauki murfi? Ya shiga ɗakin yarinya ya bar gwal da kwamfuta? Dakta, ka rantse mini cewa wannan murfin kyamarar 'yarka ne. Wata da watanni tana rataye da ita a gabanka, ko girman bakinta ba ka sani ba."

Dakta ya cire tabarau. Ya zauna a hannun kujera.

"Ina take?" in ji Sufeto.

"Babu ita."

"Ina take?"

"Na fasa ta a wurin ajiye motoci na asibiti. Na zuba a kwandon shara."

Muhibba ta yi wata ƙaramar ƙara ta toshe baki.

"Ban ɗauke ta don in fasa ba," in ji Dakta. "Na ɗauka ne in ga abin da take ɗauka. Na zauna a mota ina dubawa. Uwarta tana dariya. Uwarta tana yanka albasa. Wannan mutumin yana shan shayi a gindin mota. Maguna. Mai gadi. Har mai share titi yana ciki. Ni da nake ciyar da ita, nake biya mata makaranta, ko inuwata babu. Na duba har ƙarshe, na sake komawa farko."

"Harouna fa, me ya yi maka?"

"Shi ya shigo mini da ita gida. Na san shi ne."

"Sai ka ce a rufe shi, a kore shi da sunan ɓarawo."

Dakta ya kawar da kai.

Harouna ya dube shi. "Shekara da shekaru ina kai 'yarka makaranta, Dakta. Ko taya ban taɓa fasa maka ba."

Sufeto ya yi wa kofur alama, ya juya ga Dakta. "Ƙarar ƙarya da sa hannunka, da ƙulla wa mutum sharri. Za ka yi wa mai gabatar da ƙara bayani."

Kofur ya kama damtsensa. Da suka zo daidai Muhibba, Dakta ya tsaya.

"Habibti, zan saya miki wata. Duk wadda kike so."

Ta ɗago. Da Hausa ta yi maganar, tana ɗaukar kalmomin ɗaya ɗaya.

"Baba, sau nawa na ce ka tsaya in ɗauke ka? A falo. A mota. Ranar salla. Ka ce in kawar da abin nan daga fuskarka. Ka ce sai da wadda ka saya."

Ya juya ya nufi ƙofa.

Turai ta matsa gefe ta ba su hanya. Kofur ya sauka da shi matakala, maƙwabta suna leƙe ta bakin ƙofofinsu.